Kalma da Ma'anarta: Ƙwaya da Caji

Kalmomin da muka ɗauko a wannan wata guda biyu ne, ƙwaya da caji. Da wuya rana ta fito ta faɗi ba a furta su a gida ba. Yaron da ya komo daga makaranta yana faɗinsu, wanda ya komo daga tasha shi ma yana faɗinsu, amma ba abu ɗaya su ke nufi ba. Uba kuwa yana zaune a kan tabarmarsa yana jin su duka biyu. In bai san bambancin ba, yana iya tsawata wa wanda ya kamata ya yaba wa, ya kuma miƙa kuɗi ga wanda ya kamata ya tsare.

Ƙwaya ta fari ita ce ta manomi. Mutumin Bakura ko Maradun da ya murza shinkafa a tafin hannu ya hura ƙaiƙayi, abin da ya rage shi ne ƙwaya. Daga nan aka sami ƙwayar ido, aka sami "ƙwaya ɗaya tak". Ubangijinmu ma ya yi misali da ƙwayar mastad da ƙwayar alkama. Da asibiti ya zo sai aka ƙara biyu, ƙwayar cuta da ƙwayar magani. Duk waɗannan Inna ta san su tun ba yau ba.

Sauran ma'anonin sun shigo ta ƙofa biyu. Bari mu fara da ƙofar tasha.

Malaman Hausa suna kiran irin maganar nan da samari ke ƙagowa, ta yi yayinta ta wuce, da sunan sara. Yawancinta babu laifi a ciki, har ma tana da daɗin ji. Babur ɗin haya da Kanawa ke ce wa acaɓa, a ƙasar Sakkwato da Zamfara kabu-kabu ne. Mai ƙafa uku kuwa a Kano a-daidaita-sahu ne, a Sakkwato agwagwa da buje, wanda ya raɗa wannan suna kuwa lalle ya dubi abin da kyau. In kun ji an ce yarinya ta ɗau wanka, ba bokiti ta ɗauka ba, ado ta yi. Kada mu ɓata fuska a kan irin waɗannan. Mu ma mun yi namu a zamaninmu, iyayenmu suka girgiza kai.

Amma akwai sarar da aka ƙago domin a ɓoye abu ga manya. A bakin 'yan tasha, ƙwaya ita ce maganin da mutum ke haɗiya ba don ciwo ba, sai don ya bugu ko ya daina jin gajiya. Mai yin haka shi ne ɗan ƙwaya. Wadda ta fi yawo ita ce tiramol. Asalinta maganin ciwo mai tsanani ne wanda likita ke rubutawa, amma leburori da 'yan kabu-kabu da masu ƙwadago a gonakin rani suna shanta domin su yi aikin mutum biyu. Jiki yana sabawa da ita, yau ɗaya gobe uku, yawanta kuma yana jawo suma da jijjiga irin ta farfaɗiya. Kodin kuwa a cikin ruwan maganin tari ya ke, shi ya sa ya shiga ɗakunan mata da 'yan mata ba da sallama ba. Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi a watan Mayu na 2018. Sholisho shi ne gam ɗin da mai faci ke liƙe tayar keke da shi, yara ƙanana suna zuba shi a tsumma suna shaƙa. Wanda ya sha ɗaya daga cikin waɗannan har ya hau kansa, sai a ce ya yi caji. Su kansu kayan ana ce da su kayan caji.

Wani bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Kada mu ce wannan na 'ya'yan waɗansu ne. Yaron da ke kaɗa ganga a majami'a ran Lahadi, ran Litinin tasha ɗaya ya ke tsayawa da sauran samarin gari.

To, yaro ya zo ya ce, "Baba, a ba ni na caji." Sau tara cikin goma wayarsa ce ta mutu, zai kai ta shagon mai janareto. Ba a bukatar tsawa. Uba ya ce, "Ɗana, kawo wayar, ni ma tawa za ta tafi, a haɗa su." Mai gaskiya zai miƙo ta nan take. In ya yi ta kame-kame, in kuma an riga an lura idonsa ya sāke, barcinsa ya rikice, kuɗi na ɓacewa a ɗaki, to lokacin zama da shi ya yi, da Pasto ko wani dattijon Ikkilisiya, da kuma ma'aikacin asibiti, gama wanda jikinsa ya saba da ƙwaya yana bukatar magani tare da addu'a. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni a Kolosiyawa sura 3 kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. Yaron da aka kunyata a gaban ƙannensa, gobe sabuwar kalma zai nemo wadda Baba bai sani ba.

Akwai wata kalma guda da muke roƙo a hana yara wasa da ita, watau infoma. Ma'anarta mai kai wa 'yan bindiga labari. A wannan yanki namu, inda ƙauyuka suka sha wuya shekara da shekaru, in aka liƙa wa mutum ita yana iya rasa ransa kafin kowa ya tambayi shaida. Littafin Mahukunta sura 12 ya ba da labarin mutanen Ifraimu 42,000 da aka kashe a mashigin Urdun, aka gane su ta wurin yadda su ke furta kalma ɗaya. Mai bi ba ya jifan maƙwabcinsa da irin wannan suna a kan jita-jita, ko da a cikin raha.

Yanzu sai ƙofar makaranta. Yaron da ya komo gida da kalmomin kimiyya a ƙasar nan ya cancanci a saurare shi. Ba mu manta da 'yan mata 279 da aka sace daga makarantar sakandare ta Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara, a watan Fabrairu na 2021 ba. Karatu a nan da tsada ake samunsa. Saboda haka in 'yarku ta ce yau an koya musu ƙwaya da caji, ga abin da ta ke nufi.

A ɗauki gishiri, ko ƙarfe, ko ɗigon ruwa, a yi ta rabawa. Masana sun ce a ƙarshe za a kai ga 'yan ƙananan abubuwa da aka gina kome da su. Da Hausa muna ce da kowane ɗaya ƙwayar zarra. Zarra kalmar Larabci ce mai nufin abu mafi ƙanƙanta, maƙwabtanmu Musulmi sun san ta daga karatunsu. Turawa suna cewa atam, daga Helenanci, ma'anarsa abin da ba ya yankuwa. Ƙanƙantarta ta wuce misali. Sai an jera kamar miliyan 10 kafin su kai faɗin ƙwayar gero ɗaya.

Sunan nan na Helenawa bai tsaya ba, domin daga baya an tarar tana yankuwa. A tsakiyarta akwai cibiya, inda kusan dukan nauyinta ya ke. A kewaye kuma akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi marasa nauyi da ake kira elektiron, waɗanda wani Bature na Ingila, J. J. Thomson, ya gano a 1897. Tsakanin cibiya da gefe fili ne fetal. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan dam ɗin Bakolori ya san tsawon bangonsa, ya fi kilomita 5. Da za a hura ƙwayar zarrar haidirojin, wadda ita ce mafi sauƙi duka, har faɗinta ya kai tsawon wannan bango, cibiyarta ba za ta wuce girman mangwaro ba. Dutsen niƙa da turmi da jikinmu duka haka cikinsu ya ke.

A cikin cibiya akwai ƙwayoyi iri biyu, furoton da nutiron. Nauyinsu kusan ɗaya ne, kowannensu ya fi elektiron nauyi wajen sau 1,800. An gano nutiron a 1932, shekarar da aka fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Caji kuwa, a bakin malamin kimiyya, wani hali ne da waɗansu ƙwayoyi ke da shi wanda ke sa su ja juna ko su ture juna. Iri biyu ne, kamar kawunan batir, ɗaya mai alamar tarawa, ɗaya mai alamar ɗebewa. Furoton yana da na tarawa, elektiron na ɗebewa, nutiron ba shi da ko ɗaya. Masu iri ɗaya suna ture juna, masu iri dabam suna jan juna, wannan jan ne ke riƙe elektiron kusa da cibiya. Kun taɓa tuɓe rigar leda da dare cikin hunturu kuka ji ƙas-ƙas, kuka ga ɗan tartsatsi? Elektiron ne suka taru a wuri ɗaya saboda guga, suka yi tsalle. Walƙiyar damina ita ce babbar yayar wannan tartsatsi. Wutar lantarki kuma tafiyar elektiron ce a cikin waya. Sa'ad da aka gina dam ɗin a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, an sa masa ƙaramar tashar lantarki mai ƙarfin megawat 3. Dabarar ita ce ruwa ya juya farfela, farfela ta juya maganaɗisu kusa da naɗin waya, maganaɗisu ya tura elektiron. Janareton mai shagon caji haka ya ke aiki, sai dai shi fetur ke juya shi.

Wani zai ce, ina amfanin wannan ga mai noman albasa? Ga amfaninsa.

Yawan furoton da ke cikin cibiya shi ne ke sa abu ya zama abin da ya ke. Mai furoton 1 haidirojin ne. Mai 8 oksijin ne, iskar da mu ke rayuwa da ita. Biyu na farin da ɗaya na biyun in sun haɗu, ruwa ke nan. Mai 26 baƙin ƙarfe ne, na fartanya da garma. Mai 79 zinariya ce. Mai 82 dalma ce. Furoton uku kaɗai ke tsakanin abin da ake sa wa amarya a kunne da abin da ya cika makabartun yara a maƙwabtanmu.

A 2010 aka gane cewa yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya kuma Bagega. Duwatsun da ake haƙowa don zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo su cikin gida ana daka ana niƙa, ƙura tana sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka mutu, dubbai kuma aka yi musu magani, Ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi aiki ƙwarai a wurin. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, wanda ya tsira ma yana iya tashi da rauni a karatu.

A nan ne sanin bambancin ƙwaya da ƙwaya ke ceton rai. Ƙwayar cuta abu ne mai rai, in an tafasa ruwa ta mutu. Uwaye sun koyi wannan a Zumuntar Mata da asibiti, daidai ne kuwa. Amma dalma ba ta da ran da za a kashe. A tafasa ta, a ƙone ta, a shanya ta a rana shekara goma, furoton 82 ɗin nan suna nan, dalma ce har yanzu. Shi ya sa a waɗancan ƙauyuka sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe, aka zubo sabuwa. Samarinmu da yawa suna zuwa haƙar zinariya. Wanda ya je kada ya kawo dutse gida, kada a daka shi a turmin abinci, ya yi wanka ya sāke tufafi kafin ya ɗauki yaro.

Abin da zai ba ku dariya shi ne, su ma manyan masanan nan suna da tasu sarar. Da suka leƙa cikin furoton da nutiron sai suka tarar kowanne ƙwayoyi uku ne a ɗaure. Wani Ba'amurke, Murray Gell-Mann, ya raɗa musu suna kuwak a 1964. Kalmar ba ta da wata ma'ana. Ya ce ƙararta ya fara ƙagowa, daga baya ya tsinci rubutunta a littafin wani marubucin ƙasar Ailan. Kuwak iri shida ne, sunayensu in an juya su da Hausa su ne sama, ƙasa, baƙo, fara'a, ƙoli da gindi, sai ka ce sunayen awaki. Furoton sama biyu ne da ƙasa ɗaya, nutiron ƙasa biyu da sama ɗaya. Abin da ke ɗaure su kuwa aka ce da shi guluwon, daga kalmar Turanci ta abin liƙi, wadda mu ke ji a sufa-gulu. Ashe mai faci da farfesa duk da gam su ke aiki.

Akwai kuma nutirino. Sunan daga bakin Italiyawa ya fito, 'yan ƙasar kamfanin Impresit da ya gina dam ɗinmu, masaninsu Enrico Fermi ne ya yaɗa shi. Ma'anarsa ɗan ƙaramin da ba shi da caji. Rana tana fesa su dare da rana. Wajen biliyan 60 ke ratsa wuri mai faɗin farcen yatsa cikin kowace daƙiƙa, su wuce ta jikinmu, su wuce ta cikin duniya su fita ta ɗaya gefen, ba mu ji kome ba. An yi zancensa tun 1930, ba a kama shi ba sai 1956.

Sunan da ya fi damun masu bi shi ne wanda jaridu suka yayata a 2012, wai an gano "ƙwayar Allah". Waɗansu matasa sun ɗauka masana sun gano Allah a cikin na'ura, waɗansu kuma suka ɗauka an gano abin da ya maye gurbinsa. Ko ɗaya ba haka ba ne. Sunanta na gaskiya ƙwayar Higgs, don wani masani na Birtaniya, Peter Higgs, wanda ya yi lissafi a 1964 ya ce lalle akwai ta. Tambayar da ya ke nema ya amsa ita ce, me ya sa waɗansu ƙwayoyi su ke da nauyi? Amsar ita ce akwai wani abu da ya cika sarari duka, wanda ƙwayoyi ke ratsawa. Wadda ya riƙe ƙwarai ta yi nauyi, wadda bai riƙe ba, kamar ƙwayar haske, ba ta da nauyi. Ku tuna da mai tafiya a kan gaɓa da mai tafiya cikin fadamar shinkafa da ruwa har gwiwa. Ƙwayar Higgs ita ce shaidar cewa abin nan yana nan. An same ta a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba, kan iyakar Suwizalan da Faransa, inda aka haƙa rami mai zagaye na kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, ana gwara furoton da furoton a duba abin da zai fito. Aka ba Higgs da François Englert na Beljiyam kyautar Nobel a 2013.

Laƙabin kuwa daga sunan wani littafi ne da masani Leon Lederman ya fitar a 1993. Shi da kansa ya faɗa da raha cewa sunan zagi ya so ya ba ta saboda wahalar nemanta, masu buga littafin suka ƙi. Higgs, wanda ya rasu a 2024, bai so laƙabin ba, ko da shi ke shi ba mai bi ba ne, domin ya ga zai ɓata wa masu addini rai. A ganinmu ya fi mu da yawa kunya a wannan. Sara ce ta masu sayar da littafi, ba ta tabbatar da Allah ba, ba ta kuwa ƙaryata shi ba. In don mallaka ce, ƙwayar gero ma ta Allah ce. Muna ba da shawara yaranmu su kira ta da sunan Higgs a aji da gida, su bar sunan Ubangiji inda doka ta uku ta ajiye shi. Kada kuma mu hana su karatun don tsoron laƙabi. Wanda ya san abin da ke cikin ɗigon ruwa ɗaya yana da ƙarin dalilin yin sujada.

A wannan rami na CERN ne kuma, a 2025, masana suka ba da labari cewa sun auna dalma tana zama zinariya. Suna harba cibiyoyin dalma da gudu kusan na haske, in biyu suka gifta juna kurkusa, wani lokaci ɗaya takan zubar da furoton uku, 82 ya koma 79. Sun lissafta cewa daga 2015 zuwa 2018 an sami irin wannan cibiya ta zinariya wajen biliyan 86. Kada kowa ya sayar da gonarsa. Dukansu in an haɗa ba su kai kashi ɗaya cikin biliyan 10 na giram ba, kowace kuma tana tarwatsewa kafin ƙiftawar ido. Saboda haka in wani ya zo Kasuwar Talata da kwalba da garin magani ya ce zai juya muku dalma ta zama zinariya, kalmar da ta dace da shi tsohuwa ce, ɗan damfara.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu ɗauki kalmomin da yara ke kawowa daga wayar hannu. Wanda ya ji wata a gidansa da ta shige masa duhu, ya rubuto mana ita yadda ya ji ta, ya faɗi kuma garin da ya ke, gama sarar Mafara ba lalle ta zama ta Zariya ba.